Wakilcin ɗalibai ya sa ni tsaka mai wuya: in sauka ko in ci gaba?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji uku a wata jami'ar gwamnatin tarayya. A farkon shekarar karatun nan shugaban tsangayarmu ya ce ana son ɗalibi ɗaya ya riƙa zama a kwamitin da ke duba harkokin karatu da jarrabawa. Kowa ya noƙe, ni na ɗaga hannu. Ba biya ake yi ba, na dai ga kullum ƙorafi muke yi a guruf, ba mai kai maganar inda ta dace.

Zama huɗu muka yi zuwa yanzu. Mu goma sha ɗaya ne, uku farfesoshi, ni kaɗai ce ɗaliba. Sau ɗaya na buɗe baki, a kan jadawalin jarrabawa da ya haɗa mana manyan kwasa-kwasai biyu rana ɗaya. Wani malami ya ce, "'Yata, mu ma haka muka yi," aka yi dariya aka wuce. Da jadawalin ya fito yadda yake, 'yan ajinmu suka ce shan lemo kawai nake zuwa yi, wasu na kirana 'yar amshin shatan malamai. Makina ya sauka daga 3.61 zuwa 3.47. Babana ya ce in ajiye, karatu ya tura ni ba siyasa ba.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne ƙawata, wadda muke ɗaki ɗaya tun aji ɗaya. An kama ta da takarda a jarrabawar zangon da ya wuce, kuma maganar za ta biyo ta kwamitinmu kafin a miƙa ta sama. Ta yi kuka ta ce in tsaya mata, in kuma riƙa gaya mata abin da ake cewa a ciki. Malamin da ya kama ta ɗan kwamitin ne, ana kuma raɗe-raɗin shi zai duba min firojet baɗi. Anti, in sauka ne ko in daure?

Daga wata ɗaliba

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika ɗaga hannu ranar da kowa ya sunkuyar da kai. Na shekara da shekaru ina riƙe wa kwamitoci biro a wata jami'a, don haka ɗakin nan da kike shiga gabanki na faɗuwa na san shi, har da farantin biskit ɗin da ake turowa tsakiyar tebur idan an fara gajiya. Bari in fara da maganar ƙawarki, don ita ce mai rana. Sauran za su iya jira.

Kada ki zauna a zaman da za a yi maganarta. Tun kafin ranar, ki rubuta wa shugaban kwamiti takarda gajera, ki bi da ita ta hannun sakatare. Layi uku sun isa: ɗalibar da za a duba batunta abokiyar zamanki ce a ɗaki, kina neman izinin fita idan an zo kan batun, kuma kina roƙon a gayyato wani ɗalibi ya riƙe kujerar a wannan batu kaɗai. Wannan na ƙarshen kada ki manta da shi, don kujerar ta ɗalibai ce, bai kamata ta zauna wayam a ranar da ake maganar makomar ɗaliba ba.

Na san abin da zuciyarki ke raya miki, wai kin gudu kin bar ta a ranar da ta fi bukatarki. To, duba yadda abin zai kaya idan kin zauna. Aka yi mata sassauci, za a ce ƙawarta ce a ciki, kuma duk wanda aka taɓa hukuntawa kan irin laifin ya sami abin nuni. Aka tsananta, ita da kanta za ta ce kina zaune aka yanka ta. Ki yi magana, malaman za su ji muryar ƙawa ce, su zubar da ita, har da maganganunki na gaba waɗanda ba su shafe ta ba. Ba ta inda zamanki zai amfane ta.

Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ƙa'ida ba. A 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kori wasu ɗalibai, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta soke korar, kuma cikin dalilanta akwai cewa Mataimakin Shugaban Jami'a, wanda ya shugabanci kwamitin binciken, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Shari'ar Garba ke nan, da sunan ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kai ƙarar, wadda ɗaliban lauya ke haddacewa har yau. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya tanadi haƙƙin a saurari mutum cikin adalci. Wanda yake da hannu a magana ba ya zama alƙalinta.

Kin ga ashe ƙa'idar ba ke kaɗai ta kama ba. Malamin da ya kama ta shaida ne. Wurinsa shi ne ya shigo ya faɗi abin da ya gani, a yi masa tambayoyi, ya fita. A yawancin kwamitocin da na zauna, malami irinsa da kansa yake tashi ba sai an ce masa ba, kuma ina kyautata zaton wannan ma haka zai yi. Idan bai yi ba, ƙawarki ce ke da damar roƙon haka a rubuce cikin ladabi, ba ke ba. Ke dai fitarki za ta tuna wa kowa abin da ya kamata, ba tare da kin nuna kowa da yatsa ba.

Maganar ki riƙa kwaso mata abin da ake cewa kuwa, a'a. Magana zarar bunu ce. Kin gaya mata yau cewa wane ya ce kaza, gobe cikin kuka ta gaya wa yayanta, jibi yayan ya tari malamin a bakin ofis. Daga nan ke ma kin zama mai laifi, kuma ba za a sake yarda a zaunar da ɗalibi a kwamitin nan ba sai an manta da sunanki.

Amma akwai taimakon da ƙawa ke iya yi wanda 'yar kwamiti ba ta iyawa, kuma shi ya fi yawa. Ki nemo littafin dokokin ɗalibai, wanda aka raba muku a aji ɗaya kuka jefa ƙasan akwati. Ku zauna ku karanta babin maguɗin jarrabawa tare. Jami'o'i sun bambanta, amma galibi laifin hawa-hawa ne, hukuncin ma haka, daga soke takarda zuwa dakatarwa ta zango ɗaya ko biyu, zuwa kora. Ta san a wane mataki nata yake. Ta tuna abin da ta rubuta a fom ɗin da aka ba ta ranar da aka kama ta, don shi za a fara karantawa, kuma ba abin da ke kashe ɗalibi a gaban kwamiti kamar bakinsa ya saɓa wa hannunsa. Idan ta yi, ta amsa ta nemi afuwa. Na sha ganin malamai masu taurin kai sun yi laushi gaban ɗalibin da ya ce "na yi, na yi nadama", na kuma ga masu sanyin hali sun fusata saboda an raina musu hankali da labarin ƙanzon kurege. Ta san cewa kwamitinku shawara yake bayarwa, hukuncin ƙarshe yana sama, kuma ta duba hanyar ɗaukaka ƙara da wa'adinta. Sannan ki matsa mata ta sanar da iyayenta da bakinta, tun kafin takarda ta riga ta isa gida. Ranar zaman ki raka ta har bakin ƙofa, ki jira ta a waje.

Yanzu mu koma kan dariyar nan da aka yi miki. Ba ta dace ba, kuma na ji zafinta a madadinki. "Mu ma haka muka yi" ba hujja ba ce, don su ma da suka yi ba daɗi suka ji ba. Sai dai zan gaya miki abin da ba wanda ya zaunar da ke ya gaya miki. Ranar da jadawali ya iso teburin kwamiti, an riga an gama shi. Jami'in jarrabawa na tsangaya ya kwana biyu yana fama da shi, ya yi ciniki da sauran tsangayoyi a kan manyan ɗakunan da kowa ke rububi, ya lissafa masu sa ido. Tun bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da yawa suka yi ta matse kalandarsu don su cike giɓin, makonnin jarrabawa suka ƙara ƙunci. Wanda ya ɗaga hannu a zaman ya ce a sauya, ba tare da ya kawo inda za a mayar ba, ihu yake yi bayan hari. Ko farfesa ne ya yi haka, sai dai a yi masa shiru maimakon dariya.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Siriri ne, muryarsa ma ba ta fita sosai, zamansa biyu na farko ko tari bai yi ba. Ana saura mako biyu zama na uku sai ga shi a ofishina da takarda shafi ɗaya, ya ce, "Hajiya, don Allah a sa min wannan a ajanda." Sunayen ɗalibai ne da lambobinsu, waɗanda jarrabawar kwas ɗin da suke maimaitawa ta ci karo da ta ajinsu, awa ɗaya rana ɗaya. A ƙasa ya rubuta ranaku biyu da ɗakin da ya gano ba kowa a ciki, don ya riga ya je wurin jami'in jarrabawa sun duba tare. Ranar zama na raba takardar. Shugaba ya gyara tabarau ya karanta, ya dubi jami'in jarrabawa ya ce, "Zai yiwu?" Ya ce zai yiwu. Ko minti biyar ba a yi ba aka wuce, yaron bai furta kalma goma ba.

Kwamiti da takarda yake ji. Abin da aka faɗa da baki yana bin iska, abin da ya shiga rubutaccen bayanin zama kuwa dole a dawo kansa, don kowane zama da karanta na baya yake farawa, sannan a bi batutuwan da suka taso daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ki san sakataren kwamitinku, ki gaishe shi, ki tambaye shi ranar da yake rufe ajanda. Kada ki bar maganarki sai ƙarshen zama, lokacin da kowa ke duba agogo yana tunanin sallar la'asar. Idan aka ƙi abin da kika kawo, ki ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a rubuta cewa wakiliyar ɗalibai ta gabatar da wannan." Ba mai hana ki. Kuma ki zaɓi abu ɗaya ko biyu a zango. Wanda ya zo da ƙorafi goma sha biyu, ko ɗaya ba a riƙewa.

Ki kuma nemi mutum ɗaya a cikin goman nan. A kowane kwamiti akwai malami ko malama da ke tausayin ɗalibai, sau da yawa cikin matasan da ba su daɗe da barin benci ba. Ki nuna masa takardarki kafin zama. Idan kika gama magana wani ya ce "ina goyon baya", dariya ba ta samun wurin shiga.

Kada ki ɗauka kujerar taki ta ado ce. Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022, wadda ake kira CCMAS, ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. A irin ɗakunan da kike zama ake tattauna abin da ya yi aiki a aji da wanda bai yi ba, kuma a cikin mutum goma sha ɗayan nan ke kaɗai ce kike zama a bencin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yan ajinku fa? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba za su iya zagin farfesa a guruf ba, ke ce a kusa. Amma ki yi musu adalci: me suka gani? Sun ga kin shiga, sun ga kin fito, sun ga jadawali bai sauya ba. Ba wanda ya san kin yi magana an yi miki dariya, don na tabbata kunya ta hana ki faɗa. Ki tambayi shugaban kwamiti abin da ya halatta ki sanar da wanda yake sirri. Sakamakon jarrabawa da batun ladabtarwa sirri ne, jadawali da ɗakunan lakca da ranakun gwaji ba sirri ba ne. Bayan kowane zama ki rubuta musu layi biyar: ga abin da na kai, ga amsar da aka ba ni, ga abin da nake bukata daga gare ku kafin ranar kaza. Masu zagi ba za su daina duka ba, babba juji ne ko da babban aji uku ne. Sai dai idan kika ce a turo sunaye da lambobi, za ki ga masu zagin nan su ne ba sa turowa, kuma kowa zai gani.

Akwai wani rauni a wakilcinki da ya kamata ki toshe. Hannu kika ɗaga, ba zaɓenki aka yi ba. Ki je wurin shugabannin ƙungiyar ɗaliban tsangaya da wakilan azuzuwa, daga aji ɗaya har na ƙarshe, ki ce kina son ku riƙa haɗuwa na rabin awa kafin kowane zama. Hakan zai ba maganarki nauyi a ciki, ya rage miki kaya a waje, ya kuma samar da wanda zai riƙe kujerar ranar batun ƙawarki.

Maki kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, wurin da kika tsaya wuri ne mai muhimmanci. A ma'aunin maki biyar, 3.50 ita ce iyakar da ta raba digiri mai babban mataki na biyu da mai ƙaraminsa, kuma akwai guraben aiki da tallafin ƙaro karatu da ke tsayawa a kan wannan layin. Amma zama huɗu ba su ne suka cinye miki makin ba. Abin da nake zargi shi ne wayar nan: mai neman a gyara masa rajista ƙarfe sha ɗayan dare, mai sakamakon da ya ɓata, mai son ki roƙar masa malami, ga kuma kwana da kike yi kina maimaita zagin guruf a zuciya. Yawancin waɗannan ba aikinki ba ne, na malamin da ke kula da ajinku ne, ki riƙa nuna musu ƙofarsa. Ki ware awa biyu a mako, ki sanar, bayan su waya a kife. Idan karatunki na shekara huɗu ne, zango uku suka rage miki, kuma in nauyin kwasa-kwasan ya yi kusan daidai, abin da kike bukata a kowannensu bai wuce wajen 3.55 ba. Kin taɓa yin fiye da haka. Ki zauna da takardun sakamakonki ki yi lissafin da kanki, don ki san ainihin lambar da kike nema.

Batun firojet raɗe-raɗi ne tukuna, kada ki yi jinyar ciwon da bai zo ba. Malamin nan aikinsa ya yi da ya kama mai takarda, ba gaba yake yi da ɗakinku ba. Fitarki daga zaman ta raba ki da shi a wannan magana gaba ɗaya. In an ba shi ke ɗin kuma kika ga alamar wani abu, shugaban sashe na da ikon sauya mai dubawa, sai ki nema tun da wuri.

Sai Baba. Kada ki ji haushinsa. Mutanen zamaninsa idan suka ji "wakilcin ɗalibai", abin da ke faɗo musu a rai shi ne zanga-zangar 1978 da ta 1986, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da aka rasa a Samaru, Zariya, da waɗanda aka kora ana saura kaɗan su gama. Tsoronsa yana da tushe. Abin da bai sani ba shi ne naki zaman tebur ne da malamai, da izinin shugaban tsangaya, sau biyu a zango. Ki nemi a ba ki takardar naɗi idan ba a ba ki ba, dama za ta yi miki amfani nan gaba wajen neman aiki ko tallafi. Ki kai masa ita hannu da hannu, ba ta waya ba, in da hali Mama na zaune. Ki ce, "Baba, ina roƙon ka bar ni in kai ƙarshen shekarar nan, don na riga na karɓi amana. Idan sakamakon zangon nan bai tashi ba, da kaina zan ajiye." Iyaye sun fi sakin jiki da maganar da ke da wa'adi. Idan ya saurare ki ya ce duk da haka a'a, to ki bi maganarsa, kujerar kwamiti ba ta kai ki saɓa wa mahaifi ba. Sai ki sauka yadda ya kamata: takardar godiya, sunan wanda wakilan azuzuwa suka amince ya gaje ki, da fayil ɗin duk abin da kika tara.

Ra'ayina dai shi ne ki ƙarasa shekarar, ki miƙa wa wani kafin ki shiga ajin ƙarshe, don firojet da kwamiti taura biyu ce. Sauka yanzu ma ba laifi ba ne idan kin auna kin ga ba za ki iya ba, amma ba a makon nan ba, ba kuma cikin fushi ba, don duk wanda ya ji zai ce batun ƙawarki ne ya kore ki, ya ƙara mata nauyin da ba nata ba.

Kafin ki kai takardar nan ofis, ki fara gaya wa ƙawarki, kada ta ji a bakin wani. Ki bari sai dare ya yi, kun ci abinci, ɗaki ya rage ku biyu. Wataƙila ta yi fushi, ta juya miki baya ta fuskanci bango, har ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarki. Ki ƙyale ta, kada ki biye mata. Ki ajiye littafin dokokin a kan gadonta, kin naɗe shafin da ya shafe ta, da safe ki tambaye ta ko ta shirya ku fara rubuta bayaninta.